Yawan Canjin Wurin Aiki Ba Shaidar Rashin Ƙwazo Ba Ne

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, inda mutum guda yake jefa ƙwallo, abokin hamayya kuma ya yi ƙoƙarin bugunta da sanda. Cikin masu jifar nan an yi wani mai suna Bobo Newsom, mutumin Jihar Karolina ta Kudu, wanda ya yi wasa tsakanin 1929 da 1953. A wancan zamani manyan ƙungiyoyin wasan 16 ne, shi kuwa ya yi wa tara aiki. Ƙungiyar Washington kaɗai sau biyar tana ɗaukarsa.

Lissafi ya nuna ya ci wasa 211, an cinye shi a 222. Da wannan ne waɗansu suke yanke hukunci cewa ɗan yawo ne kawai wanda bai tsinana kome ba. Wannan hukunci kuwa babu adalci a cikinsa.

Da farko dai, ɗan wasa a lokacin ba shi da ta cewa. Ƙa'idar kwantiragi ta ba ƙungiya ikon riƙe shi ko sayar da shi yadda ta ga dama, kuma ba a karya wannan ƙa'ida ba sai a 1975.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Newsom ya daɗe a ƙungiyoyi marasa ƙarfi irin su St. Louis Browns da Philadelphia Athletics. Amma da ya sami abokan aiki nagari a Detroit cikin 1940, sai ya ci wasa 21, ya faɗi a biyar kacal.

A gasar ƙarshe ta shekarar nan ya ci wasan farko, kashegari mahaifinsa ya rasu. Duk da haka ya fito a wasa na biyar, ya hana Cincinnati cin ko ɗaya. Bayan hutun kwana ɗaya ya sake fitowa, aka cinye shi 2 da 1.

Gaskiya ne an san shi da cika baki. To, amma wace ƙungiya ce za ta yi ta biyan kuɗi tana maido da malalaci?

Saboda haka ya kamata duk shugaban da ya buɗe fayil ɗin ma'aikaci ya ga yawan canjin wurin aiki ya dakata tukuna. Ya binciki inda aka tura shi, da kayan aikin da aka ba shi, kafin ya sa alƙalami.