Jama'ar Gure, a daina aika sanarwa cikin hoto kaɗai

Masu ofis, malaman lakwal, ma'aikatan likita da shugabannin rukunonin WhatsApp na Gure, da ku nake!

Kun san yadda sanarwa ke yawo a garin nan. A buga takarda, a danna mata hatimi, a shimfiɗa ta kan tebur, a ɗauke ta hoto da salula, wani lokaci har da inuwar hannun mai ɗaukar, sai a watsa. Ranar rigakafi haka, sakamakon jarabawa haka, sunayen masu karɓar tallafi ma haka. Mai gani ya ware hoton da yatsu biyu ya karanta. Makaho fa? Wayarsa tana da TalkBack, manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, amma sau da yawa in ta iso kan irin wannan takarda sai ta ce masa hoto ne kawai. Dole ya jira yaro ya dawo gida, ko ya miƙa wa baƙo wayarsa da duk asirin da ke ciki. Kurma kuwa tasa matsalar saƙon murya ce: minti biyar ana bayani, shi yana kallon layi yana tafiya.

Kada wani ya ɗauka alfarma ake roƙo. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, sashe na 21 kuma ya tanadi a ba su labari ta hanyar da za su iya samu. Akwai dokar ƙasa ta watan Disamba 2019 a kan shigar da su harkokin jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami naƙasassu fiye da 700,000 a ƙasar nan, ba duka ke Yamai ko Damagaram ba.

Gyaran bai kai kuɗin shayi ba. Sakatare, takardar nan a kwamfuta ka buga ta, to kwafo rubutun ka manna ƙarƙashin hoton. In PDF za ka aika, fitar da shi daga kwamfutar kai tsaye, kada ka buga sannan ka sake ɗauka. Bi shi da saƙon murya da Hausa da Barbarci, don muryoyin waya sun fi ƙwarewa a Faransanci, kuma tsohuwar da ba ta yi boko ba ita ma ta huta. Mai aika murya ya rubuta rana, wuri da lokaci. Mai bidiyo ya sa rubutu a ƙasa.

Ku kuma samari masu cajin waya da gyaranta a kasuwa, ku koyi kunna TalkBack da ƙara girman rubutu, ku nuna wa mai buƙata kyauta. Ku kira makafi da kuramen unguwarku su gwada sanarwar kafin a watsa. Duk wanda ya turo hoto shi kaɗai a rukuninku daga yau, ku tambaye shi: ina rubutun, ina muryar?