Ɓeran Amurka Da Jinin 'Ya'yan Kafanchan

Duk ɗan Kudancin Kaduna da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san saƙon nan da kan zo daga gida, galibi da damina: yaro ya kwanta, ƙasusuwa na sara, an kai shi asibiti a Kafanchan, a aiko da kuɗin ƙarin jini. Amosanin jini ke nan, watau sikila. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi a Nijeriya kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai haka.

To, amma dabbar da ake gwada maganin ciwon a jikinta tana Amurka. Ɓera ba ya yin sikila, sai da masana suka sa shi. A Jami'ar Alabama, Tim Townes da abokan aikinsa suka cire ƙwayoyin gadon da ke sarrafa jan jinin ɓera, suka dasa na ɗan Adam daidai gurbinsu, suka ba da labarin aikin a 2006. Ƙwayoyin jinin ɓeran nan kan lanƙwashe kamar lauje, saifarsa ta kumbura, ƙodarsa ta lalace, tamkar yaron Kagoro ko Zonkwa. A 2007 aka gyara gadon irin waɗannan ɓeraye, suka sami sauƙi. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka yarda da Casgevy, magani mai gyara gadon mutum. Kuɗinsa dala miliyan 2.2. Citta buhu nawa manomin Kachia zai sayar?

Abin takaicin ya fi haka. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta taɓa haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, kayan da tsofaffi suka sani. Da aka so ganin aikinsa a jikin ɓera mai jinin sikila, sai da aka kai shi Filadelfiya. Ashe ciwon na nan, ganyen na nan, ma'aunin ne ke hannun wasu.

Lalle ya kamata Gwamnatin Tarayya ta kafa gidan kiwon ɓerayen nan a gida. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga cibiyar Vom da ke aikin dabbobi tun 1924, ba ta da nisa da Kafanchan. Wani zai ce ƙasar da ba ta gama gwada jinin masu shirin aure da jarirai ba, ina ita ina ɓeran alfarma? Yana da gaskiya, gwajin shi ne gaba. Sai dai ɓerayen ba sa neman abin da ya gagara: ɗaki mai tsabta, lantarkin da ba ya yankewa, da ma'aikatan da ake biya kan lokaci. Ƙungiyoyin 'yan Kudancin Kaduna na iya rubuta wa wakilansu na Majalisar Tarayya, su tambayi nawa aka ware wa binciken sikila a kasafin bana.