Zuwa ga Likitocin Dabbobi, a kan Karen da Ciwon Daji Ya Ci Ƙarfinsa

Ƙannena da 'ya'yana a wannan sana'a.

Bari in sauke haƙƙin yabo tukuna. Kun fi mu kayan aiki, kun fi mu samun littattafai, kuma yau mai kare a Kano ko Kaduna ko Jos yana samun likitan da zai duba cikin dabbarsa da na'urar sikanin, abin da mu a ƙuruciyarmu sai dai labari. Allah ya ƙara basira. Amma ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasunku ke yi da karen da mugun ciwon daji ya kama. A kawo Alseshan mai shekara 9 yana ɗingishi, ƙafar gaba ta kumbura ta yi tauri kusa da gaɓa. Likita ya taɓa, zuciyarsa ta gaya masa ko mene ne, bakinsa kuma ya ce, "Alhaji, kada ka damu, za mu yi iya ƙoƙarinmu." Sai allurar kashe ƙwayoyin cuta, sai ƙarin ruwa, sai bitamin, sai a dawo jibi. Kuɗi na fita, kare na ramewa, ba wanda ya ɗauki hoton ƙashin, balle na ƙirji. Kwanan baya an kawo mini irin wannan daga wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Takardar magani ta cika gaba da baya, babu kalmar daji ko sau ɗaya, ƙashin kuwa ya riga ya karye da kansa.

Alhali kun san alƙaluman nan, da su kuka ci jarrabawa. Dajin ƙashi a manyan karnuka irin su Rotwaila da Alseshan, kusan 9 cikin 10 ya riga ya kai huhu tun kafin hoto ya iya nuna shi. Idan aka yanke ƙafar kawai, matsakaicin abin da ake samu wata 4 zuwa 5 ne. Idan aka bi da kabofilatin, wata 10 zuwa 12. Dajin jijiyar jini da ke fashewa a saifa ya fi wannan muni: tiyata kaɗai wata 1 zuwa 3, da dokzorubisin wata 4 zuwa 6, kuma wanda ke cika shekara bai kai 1 cikin 10 ba. Limfoma, mai fito da kaluluwa a wuya da bayan gwiwa, idan an bar ta ba ta wuce mako 4 zuwa 6, amma haɗin magunguna huɗu da Jami'ar Wiskonsin ta yi suna da shi yana kwantar da ita a wajen 8 cikin 10, a sami kusan shekara guda ta lafiya. Waɗannan lissafin Amurka ne da Turai, inda ake gwada jini kafin kowace allura kuma maganin ba jabu ba ne. Duk wanda ya faɗe su a nan, adalci ne ya ƙara da cewa namu zai iya gazawa.

To me ya hana ku faɗa? Wasu tsoron rasa kwastoma ne, wasu kunya ce. Ina gane kunyar, domin ba a koya mana mu dubi dattijo mu ba shi mummunan labari kai tsaye ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da aka gaya wa cewa yanke ƙafa zai raba karensa da azaba, ba zai warkar da shi ba, shi zai zaɓa da idonsa a buɗe. Yana iya cewa a yi, kuma kare mai sauran ƙafafu lafiyayyu yana tashi ya ci gaba da yawo cikin 'yan kwanaki. Yana iya cewa ba shi da hali, a dai rage masa zafi. Dukansu zaɓi ne na mutunci. Wanda aka ɓoye wa kuwa, ƙwace masa zaɓin aka yi.

Littafin Stephen Withrow na Jami'ar Jihar Kolorado yana kan teburin da yawanku, kuma darasin da yake ta nanatawa bai da wuya: a san irin ƙarin kafin a sa masa wuƙa, domin tiyatar farko ita ce dama mafi girma. Allura siririya da gilashi da madubin likita, nawa za su ci? Amma sai a ga an yanke ƙari an jefa a kwandon shara ba tare da an aika ko ɗan yanki ɗakin gwaji ba. Ko a danna wa mai kaluluwa firednisolon tun kafin a ɗauki samfur, kumburin ya sauka, cutar ta ɓuya, a raunana maganin da zai biyo baya. Rashin binciken nan yana kisa ta wata fuskar ma. Ƙarin al'aura da karnukan unguwa ke ɗauka wajen barbara, mai zubar da jini da ban tsoro, allurar binkiristin ta mako-mako sau 4 zuwa 6 tana warkar da fiye da 9 cikin 10. Na san waɗanda aka ce wa su je su jefar da irin wannan kare.

Malamanmu a Zariya mutanen shanu ne, yaƙin da suka yi da cutar bushiya shi ne abin alfaharinsu, kare bai dame su sosai ba. Duk da haka ba za su bar ka ka taɓa dabba ba sai ka tsaya nesa ka kalli yadda take numfashi da yadda take kwanciya. Yau yaro ya fito makaranta idonsa na kan waya da takardar kuɗi, dabbar tana gabansa tana haki bai gani ba. Wannan ba likitanci ba ne, talla ce. Ku yi mini afuwa idan harshen ya yi kaifi, na san ba dukanku ba ne.

Zafin ciwo shi ne inda aka fi yi wa kare zalunci, saboda ba ya kuka sai abin ya kai maƙura. Alamarsa haki yana kwance, ƙin abinci, lasar wuri ɗaya, daina tashi idan maigida ya shigo. Akwai melokzikam, akwai gabafentin, kuma ba su fi ƙarfin aljihu ba. Ku ja kunnen masu karnuka kada su sayo ibufurofen ko daikulofenak a kemis, suna huda ciki suna lalata ƙoda. Ku ma kada ku haɗa melokzikam da firednisolon. A 2004 likita Alice Villalobos ta fitar da ma'aunin abubuwa bakwai: zafi, ci, sha, tsabta, walwala, motsi, da ko ranakun daɗi sun fi na wuya yawa. Kowanne maki har 10, jimillar da ta haura 35 tana nuna rayuwar da za a iya ci gaba da riƙo. Ku mayar da shi Hausa ku ba maigadi ko yaron da ke ba kare abinci, domin su suke kwana da shi.

Idan ranakun wuya suka rinjaya, ku buɗe baki ku yi maganar allurar da za ta raba shi da wahala, a natse, ku ba maigida lokaci ya shawarci iyalinsa da malaminsa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, don haka tausayin wannan dabba ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Roƙona gare ku, don Allah: ranar farko da zuciyarku ta ce daji ne, ku ɗauki hoto, ku ɗauki samfur, ku zaunar da mai kare ku gaya masa sunan cutar da watannin da ake sa rai, sannan ku rubuta maganin zafi kafin ya fita.

Naku,
Tsohon abokin aikinku.