Gwajin da ba ya faɗuwa ya fi wanda ya faɗi haɗari

A cikin gyare-gyaren da ake aikawa ga GCC, kwamfailar da ake harhaɗa akasarin manhajojin Linux da ita, akwai wani nau'i da ba kowa ke kulawa da shi ba: gyaran layi ɗaya a fayil ɗin gwaji, inda aka canza wata rejeks, wato ƙa'idar da ke faɗa wa kwamfuta irin rubutun da za ta nema. Ana kallon irin wannan aiki kamar share tsakar gida. Wannan raini kuskure ne.

GCC, tare da libstdc++ da ke tafe da ita, na gudanar da gwaje-gwajenta ta hanyar DejaGnu, wadda aka rubuta da yaren Tcl. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen suna sa kwamfaila ta fassara ɗan ƙaramin shiri, sai umarnin scan-assembler ya binciki abin da ta fitar, ya ga ko wata kalma ta bayyana.

A ce ana son tabbatar da cewa kwamfaila ta yi amfani da popcnt, umarnin masarrafan Intel da AMD da ke ƙirga bit nawa ne a kunne. Sai aka sa wa fayil ɗin suna popcnt.c, aka ce a nemo kalmar popcnt. Matsalar ita ce GCC na rubuta sunan fayil a saman abin da ta fitar, a layin .file. Saboda haka kalmar tana nan ko da kwamfailar ba ta fitar da umarnin ba ko sau ɗaya. Gwajin zai ci kullum, har ranar da wani ya lalata wannan ɓangaren, kuma babu ƙararrawar da za ta yi kuka. Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne: a rubuta \tpopcnt, domin umarni na gaskiya yana zuwa ne bayan tazarar tab, sunan fayil kuwa bayan alamar zance.

Tcl ma na da nata tarkunan. Alamar ɗigo tana haɗiye ƙarshen layi, don haka .* na iya somawa daga wani aiki ta ƙare a wani can ƙasa, sai an sa (?n) a farko. Baka mai kusurwa a cikin alamar zance kuwa Tcl na ɗaukarta a matsayin umarni. Mafi muni shi ne scan-assembler-not, mai tabbatar da cewa abu bai fito ba: idan aka yi tuntuɓen harafi ɗaya a rejeks ɗin, ba zai taɓa samun komai ba, kuma rashin samu shi ne nasara a wurinsa.

Masu cewa tsaurara rejeks na sa gwaji ya riƙa karyewa a kan ARM ko PowerPC, inda rubutun ya bambanta, suna da gaskiya. To amma gwajin da ya karye a banza ana ganinsa da safe a rahoto, a gyara shi. Wanda ya ci a banza na iya shekaru ba wanda ya duba.

Don haka ya kamata mai duba irin wannan gyara ya buƙaci shaidar cewa gwajin na iya faɗuwa. A misalin popcnt, a cire zaɓin -mpopcnt a sake gudanarwa. Idan har ya sake ci, rejeks ɗin ba ta gyaru ba tukuna.