Ba Kowane Gudu Ne Tserewa Ba

Ɗalibin sakandare a Dakoro yakan isa ga Ingilishi ne ta kan gadar Faransanci. Idan ya ci karo da *scram*, *bolt*, *scarper* da *skedaddle*, abu mafi sauƙi shi ne a dunƙule masa su a ma'ana ɗaya, wato barin wuri da sauri. A nan ake asarar abin da ya fi muhimmanci, domin abin da ya raba waɗannan aikatau shi ne dalilin tafiyar da kuma halin mai magana.

*Scram* ya fi zuwa a sigar umarni, kamar yadda mai shago zai kori yaran da suka dame shi da cewa «ku ɓace mini da gani». *Bolt* zabura ce ta farat ɗaya, irin ta dokin da ya firgita ya ƙwace. *Scarper*, wanda aka fi ji a bakin mutanen Birtaniya, gudun mai laifi ne kafin a kama shi. Bahaushe zai ce ya cika wandonsa da iska. Shi kuwa *skedaddle*, da ya bazu a lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, a yau raha ta rinjaye shi, kusa da «ya ranta a na kare».

Yaron da ya tashi a Dakoro ya riga ya san cewa wanda ya sulale daga taro daban yake da ɓarawon da ya arce a ranar kasuwa. Wannan sani jari ne. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, babu hujjar hana malami kwatanta Ingilishi da Hausa kai tsaye.

Masu ja da wannan ra'ayi suna cewa kalmomin bakin titi ne, jarrabawa ba ta tambayar su. Amma ɗalibi yana jin su a fina-finai, kuma wanda ya ce wa baƙo *scram* da nufin «hanzarta» ya yi masa rashin kunya bai sani ba. Ya kamata ɗaliban kimiyyar harshe su tattara irin waɗannan aikatau daga bakin mutanen Dakoro da Maraɗi, su jera su gefe da gefe da na Ingilishi, domin malamai su sami abin riƙewa a aji.