Kafin a Wanke Kwamfutar Alhaji

A shagunan gyaran kwamfuta na Funtua da Malumfashi, babu maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin mai gyara kamar "sai an wanke ta." An canza wa kwamfuta faifan ajiya ta ƙi tashi, sai an wanke ta. An sa mata sabon madabod ta nuna shuɗin allo, sai an wanke ta. Wankewar nan kuwa ma'anarta a goge duk abin da ke kan faifan, a ɗora sabon Windows. Ni sana'ata ke nan, gyaran kwamfuta da riƙe wa 'yan kasuwa lissafinsu a cikinta, kuma ina ganin wannan ɗabi'a tana cin dukiyar mutane fiye da yadda muke zato. Mafi yawan kwamfutocin da ake wankewa bayan an canza musu kaya lafiyarsu ƙalau. Saiti ɗaya ko biyu ne suka saɓa, ba a tsaya an duba ba.

Wanda bai san yankin nan ba zai ce me ke cikin kwamfutar ɗan kasuwar ƙauye da har za a yi mata kuka. Dillalin taki da maganin feshi yana ba manoma kaya bashi tun faɗuwar ruwa, a kan su biya da kaka, wani da kuɗi, wani da buhun masara ko waken suya. Sunan kowa, da ƙauyensa, da buhunan da ya ɗauka, da wanda ya tsaya masa, duk suna cikin Excel. Mai sayen hatsi a kasuwannin Dandume da Bakori yana da lissafin abin da ya zuba a sito da abin da ya loda zuwa Dawanau ko kudu. Sakataren ƙungiyar manoman auduga yana da rajistar membobi. Makarantar kuɗi tana da sakamakon ɗalibai na shekaru. Akwatin kwamfutar kansa gwanjo ne, ana samun irinsa a Kano gobe. Abin da ke cikinsa kuwa ba a sayar da shi a ko'ina.

Kuma yanzu kowa canza kaya yake yi. Tsohon faifai mai juyawa ya yi nauyi, mutane sun ga yadda SSD ke tayar da kwamfuta cikin ƙiftawar ido, suna so. Ga kuma dalili mafi girma: tun 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da sabuntawar tsaro ta yau da kullum. Windows 11 da ya fito a 2021 yana da sharuɗɗa. Yana son TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaron nan da ke jikin madabod, yana son kwamfutar da ke tashi ta UEFI, kuma a ɓangaren Intel yana son furosesa daga zubi na takwas zuwa sama. Yawancin Dell da HP na gwanjo da suka cika ofisoshinmu zubi na uku ne zuwa na shida. Saboda haka mutane ke sayen sabon akwati ko sabon madabod, su ce a ɗauke musu tsohon faifan a mayar ciki, komai ya ci gaba yadda yake.

Nan ake samun matsala. Wani dillalin taki daga yankin Bakori ya zo mini da irin wannan. Ya sayi akwati mai ɗan dama, yaron shagon da ya saya masa ya cire faifan tsohuwar ya sa a ciki. Tambarin Windows ya bayyana, ɗigogin nan suka fara zagayawa, sai allo ya yi shuɗi, kwamfuta ta mutu ta sake tashi, haka ta yi ta yi. Yaron ya ce masa, "Alhaji, Windows ɗin ya lalace, sai an wanke ta." Allah ya sa Alhajin ya tambaya, "To bashin da nake bin mutane fa?" Da yaron ya yi shiru, ya naɗe akwatin a cikin buhu ya taho.

Saƙon da ke ƙasan shuɗin allon yana faɗin ciwon ƙarara: Windows ya fara tashi, sai ya kasa isa ga faifan da yake zaune a kai. Na kashe ta, na kunna ina danna F2 har na shiga BIOS, wato saitin madabod, na nemi wurin da ake zaɓar yadda madabod zai yi magana da faifai. Yana kan RAID, kamar yadda kwamfutocin ofis da yawa suke zuwa. Tsohuwar kuwa a kan AHCI aka ɗora mata Windows, don haka direban AHCI kaɗai yake lodawa idan zai tashi. Na mayar da shi AHCI, na adana, na fita. Ta tashi. Ta ɗan jima tana gane sabbin kayan da ta samu kanta a ciki, sannan ga hoton da Alhajin ya saba gani, ga fayilolinsa a jere. Alhajin ya sa na buɗe masa lissafin daminar, ya bi sunayen da yatsa a kan allo har ƙasa kafin ya zauna. Ko da a ce dole ne a bar saitin a sabon yanayin, akwai hanya: a tayar da Windows sau ɗaya ta yanayin kariya, wanda ke loda direbobin faifai, daga nan ya ci gaba da tashi daidai.

Na biyu a yawan faruwa shi ne wanda kwamfutar ma ba ta kai ga tambarin Windows ba, sai baƙin allo da rubutun cewa babu abin tashi. Mai gyara ya ce faifai ya ƙone. Sau da yawa bai ƙone ba. Tsofaffin kwamfutoci suna tsara faifai da tsarin MBR, suna tashi ta tsohuwar hanyar BIOS. Sababbi suna neman tsarin GPT ta hanyar UEFI. Idan sabon madabod yana da zaɓin CSM ko Legacy, kunna shi kawai ya isa faifan ya tashi. Idan kuma Windows 11 ake nufi, dole a koma GPT, kuma tun 2017 Windows 10 yana ɗauke da wata 'yar manhaja mai suna mbr2gpt da ke juya faifan ba tare da goge komai ba. Tana ma da umarnin da ke fara dubawa ko faifan zai juyu kafin a taɓa shi. Na sha tambayar yaran da suka yi shekaru a sana'ar nan, ba su taɓa jin sunanta ba, domin ba a taɓa nuna musu ba.

Akwai ƙananan abubuwa da su ma ake wanke kwamfuta a kansu. Mutum ya ƙara ram ya kai giga 8, kwamfuta ta nuna tana amfani da uku da 'yan kai. Windows ɗinsa mai bit 32 ne, ba ya iya wuce giga 4. Wannan kam sai an sake ɗorawa da mai bit 64, amma a san dalili, kada a zargi mai sayar da ram. Wata kuma an gyara saitinta yau, gobe da aka ɗauke wuta ta koma shuɗin allo, agogonta ya koma shekarun baya. Ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, BIOS yana mance abin da aka gaya masa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne BitLocker. Idan an kulle faifai da shi, to da zarar an canza madabod ko an kai faifan wata kwamfuta, shuɗin allo zai nemi mabuɗi mai lamba 48. Babu mai gyaran da zai iya tsallake wannan, duk wanda ya ce zai iya yaudara ce. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft na mai kwamfutar, idan da shi aka shiga. To a nan garin, wa ya buɗe asusun? Yaron shagon da ya saita kwamfutar, da imel ɗin da shi kansa ya mance. Tambayar da ya kamata a yi tun kafin a kwance noti ɗaya ita ce: faifan nan a kulle yake? Idan a kulle yake, a ciro mabuɗin a rubuta a takarda, ko a dakatar da kullen, tun tsohuwar kwamfutar tana aiki. Haka ma lasisin Windows: yana ɗaure da madabod, shi ya sa bayan canji rubutu ke fitowa a kusurwar allo yana neman a kunna shi. Wanda ya haɗa lasisinsa da asusunsa tun farko yana iya neman a mayar masa da shi kan sabon kayan, in dai ba irin wanda aka sayar tare da tsohon akwatin ba ne.

Wani zai ce ai mai gyara yakan kwashe fayiloli a filasha kafin ya wanke. Yakan kwashe abin da ya gani a fuskar allo da jakar takardu. Amma kwamfutar da ta yi shekaru tana aiki ta tara abubuwan da ba sa zaune a can. Manhajar lissafi tana ajiye bayananta a wata jaka a ɓoye. Direban tsohuwar firinta, irin su HP LaserJet 1020 ko Canon LBP2900 da shagunan buga takardu suka dogara da su, mai shagon bai san inda faifansa na asali yake ba. Sai kuma wanda ya fi taɓa ni, haruffan Hausa. Takardu da littattafai masu yawa an buga su da tsofaffin zubin haruffa irin Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar tun kafin ƙ da ɗ da ɓ su zauna daram a kwamfuta. Zubin nan suna ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu alamomi na allon bugu. In aka wanke kwamfuta ba a ceci zubin ba, malami ya buɗe littafin da ya yi shekaru yana rubutawa, sai ya ga baka da sanda a duk inda ƙ da ɗ suke. Rubutun bai lalace ba, zubin ne babu, kuma yana can cikin jakar haruffa ta tsohon Windows da aka goge.

Ban ce kada a taɓa ɗora sabon Windows ba. Kwamfutar da ƙwayoyin cuta suka cinye, ko wadda aka yi ta ɗora mata manhajojin sata, sabon ɗori ya fi mata, kuma a kan sabon madabod ma sau da yawa ya fi tsabta. Abin da nake ja a kai shi ne tsari. Babu manomin da ke rushe tsohon rumbu kafin ya kwashe hatsin ya auna ya ga ya cika. Sabon Windows ya hau sabon faifai. Tsohon faifan a cire shi, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a ba mai shi ya ajiye a gida har kaka ta zagayo. Idan kwafe shi za a yi gaba ɗaya zuwa SSD, akwai Clonezilla kyauta, amma a duba da kyau wane ne tushe wane ne wurin zuwa, domin in aka juya su, faifan wofi ne zai hau kan mai lissafi. Kuma kada a fara wannan aiki a kan wutar da za a iya ɗaukewa a tsakiya. A jona da sola ko batiri.

Masu kwamfuta su ma suna da nasu kason. Alhaji zai kawo akwati da hantsi ya ce yana so kafin azahar, zai tafi kasuwa. In ka ce masa bincike zai ɗauki yini, kuma akwai kuɗinsa, sai ya ce wancan shagon rabin haka suke karɓa. Gaskiya ne, domin wankewa ba ta buƙatar tunani, filasha ɗaya ce da jira. Muddin ba a biyan mai gyara ladan gano ciwo, to abin da ya fi sauri zai riƙa yi. Sannan a zaɓi lokaci. Dillalin taki ba shi da dalilin taɓa kwamfutarsa a Oktoba da Nuwamba, lokacin da manoma ke shigowa biyan bashi. Ya bari sai rani ya tsaya, kasuwa ta lafa. Mai shagon intanet kuma ya kauce wa watannin rajistar JAMB.

Ga 'yan'uwana masu shaguna da ke da yara a hannu: abin da muke koya musu a watan farko shi ne yadda ake haɗa filashar Windows. Ya kamata mu jinkirta wannan, mu fara zaunar da su a gaban BIOS, su karanta kowane layi, su san abin da yake yi. Su koyi ɗaukar hoton saitin tsohuwar kwamfuta da waya kafin su kwance ta. Su koyi karanta saƙon da ke ƙasan shuɗin allo maimakon kashewa da sauri. Cibiyoyin koyar da kwamfuta da ke garuruwanmu suna yaye ɗalibai da Word da Excel da CorelDraw, amma da wuya ka ga inda ake koyar da ajiye kwafin bayanai a wuri na biyu, alhali shi ne darasin da zai fi yi wa ɗan kasuwa amfani.

Tsofaffin akwatunan da ba za su ɗauki Windows 11 ba kuma bai kamata a tura masu su sayen sabo dole ba. Wadda aikinta lissafi ne da buga takarda, ba ta shiga intanet, za ta ci gaba da yi a kan Windows 10, in dai ana kula da filashar da ake soka mata. Wadda ke shiga intanet ana iya ɗora mata Linux Mint, kyauta ne, yana tafiya lafiya a kan furosesa zubi na uku ko na huɗu, kuma LibreOffice da ke cikinsa yana buɗe fayilolin Excel da Word. Sai dai a fara tayar da shi daga filasha ba tare da an ɗora ba, a gwada firinta, a buɗe lissafin mai kwamfutar a gabansa ya tabbatar lambobinsa sun fito daidai, sannan a taɓa faifan.