Ba sunan kwali ke warkar da dabba ba

Makiyayi ya nemi Berenil saboda sammore, mai kanti ya miƙo masa Veriben, sai gardama ta tashi. Alhali sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne, diminazene, kamfani ne kawai ya bambanta.

A ganinmu, mai kanti bai yi laifi ba in ya canza magani, muddin ya yi bayani. Mai laifi shi ne wanda ke miƙa kwali shiru, ko mai kushe na araha don ya sayar da mai tsada.

Ƴan uwa makiyaya, ku sa a karanta muku abu uku: sunan sinadari, ƙarfinsa, da ranar lalacewa. Oxytetracycline mai kashi 5 da mai kashi 20 ba awo ɗaya ake yi musu ba. Albendazole mai miligiram 2500 na shanu ne, na tumaki da awaki 300 ne.

Mai araha daban, jabu daban. Wanda ya wuni a rana bisa tabarma a kasuwa, shi za a guda, kome sunansa. Mai kantin da ya ƙi yin bayani kuwa, ƙungiyarku ta nemi wani.